Sunan Ɗan Fari

Shekarar da aka ba Malam Usuman Na'ibi aikin horar da 'yan ƙwallon kwalejin koyon sana'a ta bayan unguwar Bagdadiyya, babu wanda ya taya shi murna da zuciya ɗaya. Kowa a Jidda ya san yaran nan. An daɗe ana lallasa su, har makarantun Makka kan yi fatan a haɗa su da su tun farkon kakar wasanni don su buɗe ido da nasara. Bamisiren da ya riƙe su kafin shi ya tattara nasa ya nasa ya koma ƙasarsu, wai iskar teku ce ba ta karɓe shi ba.

Malam Usuman mutumin Mai Wurno ne, garin Hausa-Fulani a ƙasar Sudan. Ya buga ƙwallo a birnin Madani da ƙuruciya, sannan ya ƙetaro teku da amaryarsa Mastura da niyyar aikin hajji, aka gama hajji suka zauna, ya sami aikin koyar da motsa jiki a wata makarantar yara a unguwar Bani Malik ta Jidda. Mutum ne da Allah bai yi shi da zama ba. Ko shayi yake sha, a tsaye yake sha, yana kai da komowa tsakanin ƙofa da taga. Lalacewar yaran kwalejin ba ta ba shi tsoro ba ko kaɗan. Abin da ya hana shi sukuni abu ɗaya ne: a cikin 'yan bayan ƙungiyar akwai wani dogon saurayi mai sanyin hali da ake kira Rafi'u, kuma ɗansa ne na fari.

Tun ranar suna, Malam Usuman bai taɓa furta sunan yaron nan ba. Haka ya tashi ya gani. Shi ma ɗan fari ne, kuma mahaifinsa ya rayu ya koma ga Allah bai kira shi da komai ba sai "kai". Ba ya yabonsa, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, in aka yi zancensa a gabansa sai ya sunkuyar da kai ya shiga gyaran carbi. Usuman bai taɓa ɗaukar wannan ƙiyayya ba, don a Mai Wurno kowa ya san kunyar ɗan fari, kuma kowa ya san abin da ke ɓoye a ƙarƙashinta. To amma Rafi'u a Bani Malik aka haife shi, a garin da uba ke alfahari a kira shi da sunan babban ɗansa.

Ranar farko ma da wannan aka tarbe shi. Shugaban kwalejin, Ustaz Saleh, wani Bahijaze mai fara'a da ƙaton ciki, ya riƙo hannunsa a gaban ɗalibai ya ɗaga murya ya ce, "Ahlan ya Abu Rafi'!" Wato barka da zuwa, uban Rafi'u. Girmama shi yake yi iyakar girmamawa. Malam Usuman kuwa ji ya yi kamar an kwaɓe masa riga a kasuwa. Ya yi ta kallon takalminsa, ya amsa can cikin maƙogwaro, yaron kuma yana tsaye a layi yana ganin yadda ubansa ya ɓata fuska da jin sunansa.

Aka shiga atisaye. Filin nasu ƙasa ce mai gishiri, in rana ta buga ta sai ta yi fari fat, in mutum ya faɗi ta ɗaye masa gwiwa. Malam Usuman ya sa yaran gudu tun da sassafe kafin zafi ya taso, ya hana su taba da shan shayi a lungunan Balad, tsohon gari, bayan darasi, ya koya musu su riƙa magana da juna a fili maimakon kowa ya bi ƙwallo kamar kaji sun ga tsaba. Kafin mako ya zagayo ya haddace sunan kowa, Balaraben gari da Bahadramen Yaman da ɗan Takari mai asalin ƙasashenmu. Yana tafe a bakin layi yana kira: Husaini, fito ka kama, Othman, ɗaga kanka, Abdulghani, Allah ya yi maka albarka, haka nake so. In ya zo kan ɗansa sai harshe ya sarƙe. Da farko "kai" yake cewa, yara biyar su waiga. Daga baya ya sami dabara, ya koma kiransa da lambar rigarsa, arba'a, wato huɗu. Nan da nan abokan suka ɗauka, ya zama Arba'a a aji, Arba'a a ɗakin cin abinci.

Abin haushin shi ne yaron ya fi kowa. Ba ya gaggawa, ba ya tsoron jiki, ƙwallon sama kuwa kamar da ita aka haife shi. Malam Usuman yana gani, zuciyarsa na cika har ta yi masa nauyi, sai ya juya ya yabi wanda ke kusa. Ranar da suka ci wata makarantar Makka, abin da ba a taɓa yi ba, Rafi'u ne ya cire ƙwallo daga bakin raga da ka. Uban ya bi yaran ɗaya bayan ɗaya yana dafa kafaɗarsu yana kiran suna, da ya iso gare shi ya ce a tattara ƙwallaye kada a bar ko ɗaya.

Kaka ta yi ta tafiya, suna ci suna canjaras, sau ɗaya aka doke su. Ustaz Saleh ya fara zuwa kallo da kujerarsa. Masu shaguna a Bani Malik suka fara tsayar da Malam Usuman suna tambayar wasan gaba. A gida kuwa yaron ya daina cin abinci in uban na nan, ya daina yi masa Hausa, in ya gaishe shi da Larabci yake gaishe shi, a taƙaice.

Mastura ce ta fasa ƙwan, wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, tana zuba masa abinci. Ita ma ba ta faɗin sunan, "ɗan nan" take cewa. Ta shaida masa ɗan nan ya yi magana da kawunsa Abdulghaffar da ke aikin tashar jiragen ruwa a Dammam, kuma sun shirya da an buga wasan ƙarshe zai bar kwalejin ya tafi can. Ta ce ta yi masa bayanin kunya har bakinta ya gaji, ya ce ya ji, amma ita ai tana dubansa in tana cewa ɗan nan, shi kuwa Baba ko dubansa ba ya yi. Malam Usuman ya ajiye cokali ya miƙe. Ya je taga ya dawo. Ya ce yaran zamani ba su da hankali, ya sake zuwa taga. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a cikin jirgin ruwan da ya kawo su.

Daga ranar ya shiga gwajin furta sunan a ɓoye, abin dariya abin tausayi. Ya kan shiga ɗakin ajiyar kayan wasa ya rufe ƙofa, ya tsaya gaban buhun ƙwallaye ya buɗe baki. Harafin farko ya kan fito, sauran ya maƙale, sai ya ga kamar mahaifinsa na zaune a kusurwa yana jinsa. Ya gwada a kan kekensa a hanyar gida, ya gwada a bakin teku inda iska za ta tafi da shi. Mutum mai furfura a gemu, wanda ke tsawata wa samari ashirin su yi tsit, ya kasa da kalma ɗaya.

Ana saura 'yan kwanaki wasan ƙarshe, wanda za su buga da 'yan garin Ɗa'if, ya tsayar da yaron bayan atisaye, da niyyar ya yi masa magana ko ta wace hanya. Ya fara da zancen wani ɗan gaban Ɗa'if mai gudu, ya koma zancen takalmi, ya ce lamba huɗu wuri ne na manya. Rafi'u ya saurara yana murza ƙasa da ƙafa, sannan ya ɗago ya yi masa Hausa, irin tasa mai nauyin Larabci.

"Baba, ni ba arba'a ba ne."

"Na sani," in ji Malam Usuman.

Yaron ya jira. Uban ya duba agogo ya ce lokacin la'asar ya yi. Rafi'u ya ce halas, wato shi ke nan da Larabci, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Ranar wasan aka cika fili, ɗalibai a kan katanga, 'yan unguwa da ganguna, Ustaz Saleh da sabon mishlah, alkyabbar Larabawa, a kafaɗa. Canjaras kawai suke bukata su ɗauki kofin makarantu, 'yan Ɗa'if kuwa sai sun ci. Aka tafi hutu babu ci. Aka dawo, 'yan Ɗa'if, da suka saba da sanyin kan dutse, suka fara jin zafin Jidda, amma ba su saki ba. Malam Usuman bai zauna ba ko na ƙiftawar ido. Ya taka layin nan har ya share farar ƙasar da aka zana, rigarsa ta manne a bayansa, idonsa rabi a ƙwallo rabi a kan dogon yaron da gobe ko jibi zai hau mota zuwa Dammam.

Wasa ya zo ƙarshe, alƙali ya fara duban agogo. 'Yan Ɗa'if suka ɗago wata doguwar ƙwallo daga tsakiya. Rafi'u yana fuskantarta, ya auna ta, yana ja da baya a natse yadda ya saba. Abin da bai gani ba shi ne ɗan gaban nan mai gudu ya sulalo ta bayansa. Malam Usuman ya gani. Ya ce "kai", ganguna suka cinye. Ya ce "arba'a", bai kai ko tsakiyar fili ba. Sai kawai abin ya fito da kansa, da dukkan ƙarfin ƙirjinsa, ba yadda Larabawa ke gutsure shi ba, cikakke yadda liman ya faɗe shi ranar suna.

"Rafi'u!"

Yaron ya tsaya cak. Ya bar ƙwallo a sama ya juyo gaba ɗaya wajen ubansa, hannuwansa suka sauka, har ya ɗan rusuna yadda aka koya masa a gida.

"Na'am," ya ce.

Ƙwallo ta wuce ta saman kansa. Ɗan Ɗa'if ya tare ta da ƙirji, ya zura ta ta gefen Husaini mai tsaron raga, ba a jima ba alƙali ya hura tashi.

Filin ya rikice. 'Yan Ɗa'if suna rungumar juna, Husaini yana dukan ƙasa yana tambayar Arba'a da Larabci ko aljani ne ya taɓa shi. Ustaz Saleh ya naɗe mishlah ɗinsa ya sa aka ɗaukar masa kujera, ya yi tafiyarsa. Malam Usuman yana tsaye inda yake, karo na farko a ranar ƙafafunsa suka tsaya wuri ɗaya. Kunya ta rufe shi, ta kofin da ya zubar da bakinsa da ta abin da ya faɗa a gaban jama'a, ya rasa wadda ta fi.

Rafi'u bai kula abokansa ba. Ya ratso fili a hankali, gwiwarsa na jini, ya zo ya tsaya gaban uban.

"Ka kira ni, Baba."

Malam Usuman ya share wuyansa da hankici. "Akwai mutum a bayanka."

Yaron ya waiga ya dubi filin, inda yara ƙanana suka riga suka shiga suna buga gwangwani. Ya ce ai mutumin ya tafi. Uban ya kau da kai da sauri ya shiga tattara ƙwallaye, aikin da bai taɓa yi da kansa ba. Rafi'u ya riƙe masa bakin buhun. Suna cikin haka yaron ya tambaya, kamar ba komai ba, yaushe za a fara atisayen baɗi.

"Bayan hutun hajji," in ji Malam Usuman, "in ba su kore ni ba."

Rafi'u ya ɗaure buhun ya saɓa a kafaɗa. Ya ce to zai bukaci sabon takalmi kafin nan, wannan ya matse shi.