Taswirar Malam Khalilu da Butar Atiku

A damunar bara ruwa ya fara cin gindin soron Malam Khalilu a Gwandu, soron da mahaifinsa ya gina a 1951, inda littattafan gidan suke ajiye. Malam Khalilu, wanda ya yi ritaya daga aikin safiyo, ya yanke shawarar gyara gangaren tsakar gida kafin ruwan Agusta ya kayar da bangon.

Ya ɗauko taswirar da ya zana da hannunsa a 1976, shekara goma sha biyar kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi. Taswirar ta ce titi ya fi gidan gangarowa da ƙafa biyu. Saboda haka ya sa aka zuba jar ƙasa, aka karkata tsakar gidan zuwa ƙofa.

Ana cikin daɓe sai ga taubashinsa Atiku, manomin fadama daga Kalgo. Shi ke da wani busasshen fili a bayan gidan, gadon kakarsu, wanda Malam Khalilu ya daɗe yana yi wa ba'a.

"Bawana, wa ya gaya maka ruwa na karanta takarda?" in ji Atiku.

"Kai da ko sunanka da dangwale kake sawa? Awo ne, ba shaci-faɗi ba."

Atiku ya ɗauki butar alwala, ya fita titi, ya tuttule ta. Ruwan ya bi ta zaure, ya nufo gida. Ashe sau biyu aka yi wa titin ciko bayan an zana taswirar.

Malam Khalilu ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ruwan dai bai sake hanya ba.

"To, yaya za a yi?"

"Ka ce 'ranka ya daɗe' tukuna."

Da ƙyar ya faɗa. Atiku ya sa aka juya gangaren zuwa baya, aka huda katanga, aka yi magudana.

Agusta ta zo da ruwa mai ƙarfi, soro bai jiƙa ba. Sai a watan Satumba Malam Khalilu ya leƙa bayan katanga, ya ga shinkafa shar a filin Atiku.

"Ɓarawon ruwa!" ya aika masa Kalgo.

Amsa ta dawo da buhun shinkafa guda bayan girbi: "Ka sa wannan a taswira."