Zugazugin Baba Sifana

Da tafin hannu ta fara dukan ƙofar garejin, da ta ga ba a ji ba ta cire takalmi ta ci gaba da shi. Ƙarar inji ta cika layin, gilasan tagogi sai rawa suke yi. Can aka kashe. Baba Sifana ya leƙo, baƙin mai har gwiwar hannu, yana washe baki kamar wanda aka yi wa haihuwa.

"Mai Ɗinki, kin ji shi kuwa? Ya tashi!"

"Wa bai ji ba, Baba? Inna na kwance, jiya aka sallamo ta daga asibiti. Jininta zai sake hawa saboda wannan gwangwanin naka."

Dariyar ta koma ciki. Ya goge hannu a jikin riga, ya sake gogewa.

"Wallahi ban sani ba, 'yata. Ki ba ta haƙuri. Ba zan ƙara murɗa makullin nan ba sai ranar da kika ce in murɗa."

Bango ɗaya ne tsakanin garejinsa da ɗakin da take ɗinki. Tun da ya ajiye kanikanci, matarsa kuma ta rasu, ya jawo wata tsohuwar a-kori-kura, irin wadda ya koyi tuƙi da ita yana saurayi, ya zazzage injinta a kan tebur ya shiga haɗawa sabo. Duk wanda tsautsayi ya tsayar a ƙofarsa sai ya sha bayani. Abu ɗaya ya rage masa, wata na'ura da ake ɗora wa inji a ka, bel na juya ta, tana ɗura masa iska da ƙarfi. Shi zugazugi yake ce mata.

"Yadda maƙeri ke zuga wuta, haka za ta zuga shi," in ji shi. "Ranar da ta kama, za ki ji tsohuwar nan tana fito kamar budurwa."

Inna ta warware, ƙanin Mai Ɗinki ya zo da mota ya tafi da ita gidansa. Nan ne ya kamata Mai Ɗinki ta leƙa ta ce wa tsohon bismilla. Amma shirun ya yi mata daɗi. Tana jin rediyonta, tana jin abin da masu kawo ɗinki ke faɗa ba sai sun maimaita ba. Ta ce gobe, goben ta zo ta sake cewa gobe.

Wata safiya suka haɗu tana zubar da shara.

"Na ɗora zugazugin," ya ce, yana kallon ƙasa. "Komai ya zauna. Yaya jikin Inna?"

"Da sauƙi, Baba. Sai dai har yanzu ba ta son hayaniya."

Maganar ta fito sumul, ita kanta sai da ta yi mamaki. Ya gyaɗa kai, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya koma ciki.

Daga ranar aka fara buge-buge a jikin bangon. Ba da ƙarfi ba, ƙwas, ƙwas, a huta, a sake. Ta yi tsaki ta ce hali zanen dutse, an hana shi inji ya koma guduma. Har ya zo ƙofarta wata rana, yana numfashi sama-sama, ya dafa ƙyaure.

"'Yata, ragowar ƙyallayen da kike zubarwa, ki taimaka min da su."

Ko ƙafa ba ta ɗaga daga kan keke ba. Da haɓa ta nuna masa buhun. Ta ga yadda ya sha wuya kafin ya ɗaga shi, ta kuma ga leɓensa ya yi fari, ta ci gaba da ɗinkinta.

Mai gyaran rediyon da ke tsallaken layi ne ya same shi washegari da hantsi, zaune kan bokitin da ya kifa, ya jingina da tayar motar, guduma a cinyarsa, rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Mai Ɗinki ta yi kuka tare da matan layi, amma nata kukan da abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ba wanda za ta iya faɗa wa.

Bayan an watse daga zaman makoki, 'yarsa ta ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ita ce wadda tun tana ƙarama take miƙa masa sifana, har ta fi wasu kanikawan sanin mota.

"Yaya, zo ki ga wani abu."

Rabon Mai Ɗinki da zuwa garejin tun ranar takalmi. Motar na tsaye, an buɗe gabanta, zugazugin na zaune bisa injin yana ƙyalli. Amma ba shi 'yar ta nuna mata ba. Bangon nan nasu ne, daga ƙasa har rufi an lulluɓe shi da tsofaffin katifu, an kafe su da katako da ƙusa. Har katifar gadonsa tana ciki. Duk inda aka samu 'yar kafa an cusa ƙyalle, Mai Ɗinki ta gane shuɗin rigar wata malama, ta gane ragowar labulen da ta ɗinka. Can sama a kusurwa saura wuri kaɗan da bai rufe ba.

"Saboda Inna ya yi," in ji Mai Ɗinki.

'Yar ta girgiza kai.

"Ya san Inna ta tafi, Yaya. Yana tsaye aka sa kayanta a mota. A waya ya ce min, ashe yarinyar nan ita ce ba ta son ƙarar, kunyata ta hana ta faɗa. Ya ce bari ya gyara bangon, kada ya sa ki yi ta neman abin cewa."

Mai Ɗinki ta nemi wuri ta zauna, sai ta ga bokitin ne, ta miƙe.

"Gobe mai saye zai zo ya ja motar," in ji 'yar. Ta buɗe hannu, ga makulli ɗaure da zare. "A aljihunsa aka samu. Ina so in ji ta ko sau ɗaya, amma ya ce sai kin ce."

"Murɗa," in ji Mai Ɗinki. "Don Allah murɗa."

Injin ya yi tari, ya sake, sannan ya kama. 'Yar ta taka totur, wani siririn fito ya taso ta saman rugugin yana hawa, yana hawa. Tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Mai Ɗinki ba ta iya tsayawa ba. Ta fita, ta shiga ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta zauna gaban keke. Rediyon da ta bari a kunne yana ta magana, tana jin kowace kalma. Daga bangon ba abin da ke zuwa sai wani ɗan gurnani can ƙasa-ƙasa. Ta miƙa hannu ta kashe rediyon, ta matsa da kujera, ta kara kunnenta a jikin bango. A kan teburin keken, ruwan da ke cikin kofinta yana ɗan motsi.