Ribas a Bakin Gulbi

Dankure ya daɗe yana tuƙa motar Alhaji Maiwada, wani attajirin shinkafa a Birnin Kebbi. Giyar motar a jikin sitiyari take, kuma sandunan ƙarfen da suka haɗa ta da akwatin giya sun cinye, har hannun giyar yana lilo. Ba sau ɗaya Dankure ya yi magana ba, amma Alhaji ya ce a lallaɓa.

Wata ranar kasuwa a Argungu giyar ta fita a kan gangara, motar ta kwashe rumfar masu kifi. Alhaji ya fito ya sharara wa Dankure mari a gaban jama'a, ya ce barasa ya sha. Maganar ta riga shi isa gida. Surukinsa ya zo ya tafi da matarsa Hure, liman ya daina amsa gaisuwarsa.

Dankure ya bar aikin Alhaji. Ya kama aiki a garejin Kalilu, ya koyi kwance inji da ɗaure shi.

Ana gab da bikin samun 'yancin kai, sai ga Alhaji ya sa an turo motar garejin, don duk garin babu wani gareji. Ya ga Dankure, ya yi kamar bai san shi ba.

"Kalilu, a gyara min giyar ga. Ni da kaina za ni tuƙa baƙi a Argungu."

"An gama, Alhaji," in ji Dankure daga ƙarƙashin motar. "Har can za ni kai maka ita."

Ya yi aikin da kyau. Ya sa maƙeri ya ƙera sababbin sanduna masu kauri, ya yanko roba ya cusa a mahaɗai, ya shafe su da giris. Giyar ta koma shiga ƙyas, ba lilo. Sai da ya zo ɗaurawa ya juya hannun ƙarfe ɗaya, ya mai da samansa ƙasa. Wurin lamba ɗaya ya zama ribas.

Ranar biki ya tuƙa ta zuwa Argungu, shi da ya san sabon zamanta. Ya ajiye ta a bakin gulbi, bayanta na kallon ruwa, ya miƙa mabuɗi ya koma cikin taro.

Alhaji ya shiga da babbar riga mai aiki, baƙi uku a baya. Makaɗa suka kama yabonsa. Ya ɗaga wa mutane hannu, ya sa giya, ya taka mai da ƙarfi. Motar ta zabura da baya, ta faɗa taɓo har ƙofa. Baƙin suka fito ta taga. Alhaji ya fito da rarrafe, rawaninsa ya bi ruwa. Masunta suka yi ta dariya har da riƙe ciki, kafin su kawo igiya.

Da ya hau tudu, idonsa ya faɗa kan Dankure.

"Kai ne!"

"Ni ne, Alhaji."

Kalilu ya sallami Dankure washegari, alƙali kuma ya ɗaure shi wata biyu. Da ya fito, ya koma Gulma wurin kawunsa yana noman shinkafa. Hure ba ta dawo ba. Alhaji ya sayar da motar ga wani mutumin Jega, bai ƙara kama sitiyari ba har ya mutu.