Ƙyallen Gado na Huɗu

…kuma wai kada in wanke shi. Haka nas ɗin ta ce, doguwar nan mai saurin magana: in sa ƙyallen a ƙirjina ya sha warin jikina, su shimfiɗa miki a cikin kwalba. Ni tela, da na yanka yadi ya fi a ƙirga, yau duk rayuwata ta dawo kan ƙyalle kamar tafin hannu.

Kwana tara, 'yata. Tara, ban ɗauke ki ba. Gilashi, wayoyi, na'urar nan da ba ta gajiya da ƙara… Kumatunki sun kumbura, babanki wai kin yi ƙiba. Ƙiba! Wallahi da akwai abin jifa kusa da ni, da ya sha.

Mura ce fa kawai. Ciki wata tara, ina kan keken ɗinki ina takawa — matar nan mai gaggawar karɓar ɗinki ta tsaya a kaina tana tari, tana tari, ni kuma kunya ta hana in ce ta matsa. Me ya hana ni? Sati guda na warke, har na manta.

Likita ya zana min a bayan takarda. Ya ce cutar ta tafi tuni, amma garkuwar da jikina ya haɗa ta bi cibiya ta shiga jikinki, ba ta san an gama faɗa ba, sai ta koma kan zuciyarki. Ya ce ba laifina ba ne. Sau uku ya faɗa — shi ya sa ban yarda ba.

Rigarki mai ruwan ɗorawa tana shago, saura hannu ɗaya… Nono ya sake jiƙa min gaba. Kullum sai na tambaya ko shi ma zai cuce ki, kullum su ce a'a, in tatsa.

Jiya suka ba ni naki ƙyallen. Na shaƙa, na shaƙa — magani, filasta, sabulu. Wanne ne ke a ciki? Uwa ce ni, ban san ƙanshin 'yata ba. Ina kewarki, ke da ban taɓa riƙewa ba, kewa har cikin haƙorana.

Ga doguwar nan ta leƙo. "Maman gado na huɗu, zazzaɓin ya ɗan sauka. Wanke hannu ki taɓa ta."

Na wanke. Na sake wankewa. Ga ƙofar kwalbar a buɗe, ga hannuna ya tsaya a baki… abin da na ba ki na farko ai shi ya kwantar da ke. In na taɓa kuma fa?

Kin motsa. Kin juya fuska — ba wajena ba, wajen ƙyallen da ya kwana a ƙirjina. Kin cusa hanci a ciki, kin yi luf.

Shi kika sani.

Ga ni nan fa, 'yata… ni ce mai warin.