Ankon Bikin Mariya

Sai a Yamai za ka ga mata sun ɗinka anko don auren mutanen da babu su. Zahra'u, malamar lakwal, wato makaranta, 'yar garin Tawa, ita ta jawo. Tun kafin azumi take sakin labarin soyayyar Nura da Mariya a gurup ɗinta na waya, babi bayan babi, mata suna zagin uban Mariya kamar maƙwabcinsu ne. Da ta sanar an kusa ɗaurin aure, Iklima tela ta zaɓo atamfa, aka kama garka, wato filin ƙofar gida, a unguwar Gamkalle, aka ce marubuciya za ta karanta babin ƙarshe da bakinta.

Daɗi kamar ya kashe Zahra'u, tsoro kuma ya hana ta cin abinci. A babin nan amarya ta tashi washegarin biki, ta zauna bakin gado cikin sababbin kwanuka, ta dubi Nura yana barci. Tana sonsa, bai yi mata komai ba, amma ta ji zuciyarta fayau. Wannan ne duka abin da aka sha wahala dominsa? Daga nan sai girki, sai tsufa, sai kabari? Zahra'u ta san ba ta taɓa rubuta abin da ya kai shi gaskiya ba. Ta kuma san matan nan za su iya watsewa su bar ta da gurup ba kowa.

Ranar kuwa garka ta cika. Ana guɗa, ana rabon lemo, wata har da kawo turaren wuta. Zahra'u ta miƙe da wayarta, ta karanta ba ta tsallake ko layi ba.

Guɗa ta mutu. Iklima ta fara ƙunƙuni wai an sa ta ɗinki a banza. Sai Tanti Bilkisu, mai jikoki, wadda ta fi kowa rawa ɗazu, ta ɗaga hannu ta ce a maimaita wurin bakin gadon. Aka maimaita.

"Ni ma na yi wannan zaman," in ji ta. "Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ci gaba, 'yata, me ta yi da ta tashi?"

Zahra'u ta duba wayar. Nan rubutun ya ƙare, mata kuwa duk sun zuba mata ido suna jira.