Kifin Iri

Duk shekara tapkin da ke bayan garinsu, kusa da Dantchiao, yana ƙafewa da rani. Shi ya sa da aka yi kamun ƙarshe, komite ta ba Maikano ajiyar iri: ya riƙe karfasa masu rai a basan ɗin lambunsa, ramin tara ruwa na siminti, su hayayyafa, in ruwa ya sauka a zuba ƴaƴan cikin tapki.

Ya yi zaɓen kamar yadda ubansa ke zaɓen irin hatsi. Zangarniya mafi girma ita ake ɗaurewa a rataye. Ya tsince manya masu faɗin baya, ƙananan kuwa ya juye wa A'i, ƙanwar kakarsa, a bokiti, ya ce ta yi miya.

Ya ciyar da su dusa duk rani. Sun yi ƙiba. Amma ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, basan babu ɗan kifi ko ɗaya. Ranar Juma'a komite za ta zo gani.

Ya daɗe tsugune a bakin ruwan. Daga baya ya kira ƙanwarsa Safiatou ta bidiyo. Tana Dakar, a wani labo, ɗakin bincike, inda suke karanta ƙwayoyin halittar ƙananan kifayen teku, irin waɗanda ake sa wa a gwangwani. Bai taɓa ɗaukar aikin da muhimmanci ba.

"Yaya, ashe kana da lambata?"

"Bar wannan. Kifina sun ƙi haihuwa."

"Kamo ɗaya, ka juya mini cikinsa. Kusa da wutsiya. Matso da wayar, ba hancinka nake son gani ba."

Ya kamo, ya juya. Ta ce namiji ne. Ya kamo wani. Namiji. Haka har hannunsa ya yi sanyi.

"Yaya aka yi ka zaɓe su?"

"Manyan na ɗauka."

Dariya ta ƙwace mata.

"Mu nan sai mun yanki ɗan fiffike mun sa a na'ura, mu nemo inda aka rubuta mace ko namiji, da inda aka rubuta yadda jiki ke tara mai. Kai ka ware maza zalla da ido! A karfasa namiji ne ke girma. Macen abincinta yana tafiya wajen ƙwai, kuma in tana riƙe da su a baki ko ci ba ta yi. Ina ƙananan?"

Ya kashe wayar.

A'i tana lambunta tana cirar yakuwa. Ya gaishe ta, ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Maigida, yau kuma? Cefane ka kawo?"

"Kifin nan da na ba ki."

"Na miya? Sun yi daɗi."

Ta bar shi tsaye har ta cika kwando, sannan ta nuna masa basan ɗinta da haɓa. Rabinsu ta soya, ta ce, sauran ta zuba nan don su cinye mata tsutsar sauro. Ya leƙa. Ƴan sirara ne, ba su da yawa, suna zagaye a inuwar ganye.

"Ki ba ni su, Kaka."

"Au, neman aure ka zo, hannu rabbana? Ka rena su ka ce a soya. Ba inda za su. Gwaurayenka su tako nan."

"Komite ni ta ba ajiya."

"To ka kai musu ƙattanka su gani."

Ya san abin da hakan ke nufi. Ranar Juma'a a lambun A'i za a tsaya, kuma baɗi ba shi za a kira ba. Ya dubi gabas. Hadarin ya ƙara duhu.

Ya koma ya cika bokiti biyu, ya zaɓi maza, wannan karon ba mafi girma ba. Ruwa na fantsalar masa a wando har ya iso. A'i ta matsa masa hanya.

"A hankali," ta ce. "Kada ka firgita mini amare."