Shaidar Gwaggo Tasallah

Tasallah tana ƙulla yaji a ƙananan ledoji, Issoufou yana magana. Ɗan ƙaninta ne, lauya daga Yamai, da bizar umara ya shigo Madina. Tun da ya zauna bai taɓa shayin da aka zuba masa ba.

"Gwaggo, mutanen garinmu ne suka kai ƙarar wani kamfanin siminti na Turai, a kotun ƙasar kamfanin. Hayaƙinsu yana cikin abin da ya ƙara wa duniya zafi, zafin ya shanye tafkinmu. Masana sun yi bayani, alƙali ya saurara."

"To, ai shi ke nan."

"Da saura. Lauyoyin kamfani sun ce dama haka tafkin yake tun kakanni, ya ƙafe ya dawo. Hotunan da aka ɗauka daga sama ba su kai can baya ba. Sai wanda ya gani da idonsa. Maigandi, tsohon da muka dogara da shi, ya rasu bara. Ke kaɗai kika rage."

Zulfa, 'yar Tasallah, ba ta daɗe da dawowa daga shagon ɗinkin da take aiki a unguwar Sultana ba, ko abaya ba ta cire ba. Ta ce, "A yi ta waya mana. Bidiyo, khalas, shi ke nan."

"Sun ƙi. Sun ce wa ya san ko ita ce? Ba fasfo, ba iƙama, takardar zaman ƙasa. Sai ta koma Nijar an yi mata takardu, sannan ta tsaya gaban alƙali."

"Yaya, ka san abin da kake faɗa kuwa? Ta gidan korar baƙi za ta fita, su ɗauki hoton yatsunta. Wallahi ba ta sake shigowa ƙasar nan."

Tasallah ta sani. Mijinta Ashafa yana kwance a Baƙi'a. Mata ba sa shiga maƙabartar. Tun da aka kai shi, a bayan katanga take tsayawa, tana leƙen jerin duwatsun da ba su da suna, tana yin sallama ga duka don kada ta tsallake nasa. Hanya ɗaya ce mace take shiga, a kan makara. Don wannan ta zauna a Madina. Don shi ta iya ɓuya in motar 'yan sanda ta shigo unguwa, ta jure ɗakin nan na unguwar Harra ta Yamma da baƙaƙen duwatsu ke hura wa zafi har bango ya ƙi taɓuwa.

Ta ce, "Wa ya saura a garin?"

"Mata da tsofaffi. Samari sun bi hanyar Agadas. Inda ake shuka rake, yanzu rami ake tonawa a jira ruwa ya tsattsafo. In an ci shari'ar, za a haƙa rijiyoyi masu zurfi. In an faɗi, ban ga abin da zai riƙe kowa ba."

Aka kira azahar. Ta tashi ta yi alwala, ta daɗe a kan darduma. Da ta dawo ba ta kalli Zulfa ba.

"Zan tafi."

Zulfa ta fashe da Larabci, da sauri, da ƙarfi. Ta shige ɗaki ta buga ƙofa.

Issoufou ya sauke numfashi. Ya gyara zama, ya ajiye wayarsa tsakaninsu don ta ɗauki magana.

"Allah ya biya ki, Gwaggo. Bari mu gwada. Ni ne lauyan kamfani, kuma ba zan ji tausayinki ba, don su ma ba za su ji ba."

"Kai da na goya? Tambayi."

"Hajiya, kina yarinya, tafkin ya taɓa ƙafewa?"

"Bai taɓa ba. Har da rani muna wanki, maza suna kama tarwaɗa."

"Shekarar babbar yunwa fa?"

Ta ga kanta tana taka busasshen taɓo da ya tsattsage, da goyo a baya. Amma tafkinsu ne, ko wani ne a Sudan, lokacin da suka biyo ƙasa za su zo nan?

"Ya ja baya," ta ce. "Kaɗan. Ko kuwa a hanya na ga haka."

"Kafin aurenki ko bayansa?"

"Ashafa ya sani." Ta juya gefen hagu, inda ba kowa.

Issoufou ya sassauta murya. "Faɗa mini yadda bakin ruwan yake."

Wannan ta sani. Ta yi murmushi. "Duwatsu ne baƙaƙe, masu kaifi. Da rana ba ka iya taka su."



"Farin yashi ne, Gwaggo. Babu dutse ko ɗaya a garinmu."

Na'urar sanyaya ɗaki ta ci gaba da gurnani. Ya miƙa hannu ya kashe wayar, ya sa a aljihu.

"Ki zauna abinki. Tafiyar da nisa, ga jiki ya yi rauni."

"Na ce zan je."

"Na ji. Allah ya ba da lada."

"Sake tambayata, Issoufou. A hankali. Sauri ka yi mini."

Ya ce zai leƙo kafin jirginsu ya tashi. Ya durƙusa ya yi mata sallama yadda ake yi a gida, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya fita cikin rana.

Zulfa ta fito da jajayen idanu. Ta ji komai. Ta zauna ta rungume uwarta ta baya.

"Alhamdu lillahi, ya ummi. Kina nan. Ba inda za ki."

Tasallah ta rufe ido. Ta nemi tafkin. Ruwan yana nan, fal, har da iska a kansa. Ba ta dai san na wace ƙasa ba ne.